Daga Matamaye zuwa filin jirgi: awoyin da tikiti ba ya faɗa

Duk wanda ya dawo daga tafiyar jirgin sama, da an gama yi masa barka da sauka, tambayar da ke biyo baya ita ce: awa nawa kuka yi a sama? Alhaji ya ce huɗu da rabi. Wanda ya je Yamai ya ce biyu ma ba su cika ba. Masu saurare su girgiza kai su ce Allah mai iko. Amsar gaskiya ce, sai dai guntuwa ce, domin awoyin da mutum ya yi zaune cikin jirgi su ne mafi ƙanƙanta a tafiyarsa. Ga mutumin Matamaye abin ya fi fitowa fili. Garinsu ba shi da filin jirgi, ga shi kuma filaye sun kewaye shi: Damagaram, Maraɗi, Katsina, Kano. Wanne ya fi kusa da shi, kuma wanne zai fi saurin kai shi inda za shi? Tambayoyi biyu ne, kuma ba kullum amsarsu ke zama ɗaya ba.

Matamaye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, tana kan hanyar da ta ɓalle daga babban titin Yamai a Takeita, ta gangaro kudu ta Kance, ta wuce Ɗan Barto, ta tsallaka iyaka a Kwangwalam, ta shiga Daura, Kazaure, Ɗambatta, sai Kano. Daga Matamaye zuwa birnin Damagaram kilomita 80 ne da wani abu. Zuwa Kano bai cika 200 ba. Zuwa Yamai kuwa ya haura 850. Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi uku, don a kansu duk lissafinmu zai tsaya.

Nisan da ake faɗa tsakanin filayen jirgi biyu ba a kan titi ake auna shi ba. Ana duba inda kowane fili yake a doron ƙasa, a ja layi mafi gajarta tsakaninsu. Da yake duniya a dunƙule take, wannan layi ya sha bamban da wanda mutum zai ja da rula a kan taswirar bango. A kifa ƙwarya, a ɗora zare daga wani tabo zuwa wani, a ja shi har ya ɗame: inda zaren ya kwanta nan ne hanya mafi kusa, ita ce kuma jirgi yake son bi. In aka zana ta a shimfiɗaɗɗiyar takarda sai ta fito a lanƙwashe, shi ya sa ake ganin jirgin da ya tashi daga Turai zuwa Amurka kamar ya yi ratse zuwa arewa. Mu a nan mun daɗe da sanin wannan layi, ko da ba mu haɗa shi da jirgi ba, domin shi ne layin alƙibla. Masallacin da aka daidaita shi da kyau a Matamaye yana fuskantar gabas da ɗan karkata arewa. Jirgin da zai tashi daga Damagaram zuwa Jidda ma, in ba abin da ya tare shi, can zai dosa.

Masana sun raba tazarar da ke tsakanin layin da ya raba duniya biyu da ƙuryar arewa gida 90. Kowane gida, wato digiri ɗaya, kimanin kilomita 111 ne. Kano tana kan digiri 12, Matamaye tana kan 13 da ɗan abin da bai kai rabi ba, kuma kusan saitin juna suke daga kudu zuwa arewa. Ɗalibin kwaleji zai iya fitar da nisan da kansa, wajen kilomita 160. Matuƙa jirgi kuwa da mil na teku suke aiki, wanda ya kama mita 1,852. In mutum ya ga lambar da ta yi kamar rabin wadda ya sani, ya duba ma'aunin kafin ya ce an yi kuskure.

Da wannan awo, filin Damagaram zuwa filin Diori Hamani na Yamai wajen kilomita 740 ne, alhali mota sai ta ci kusan 900, saboda titin yana gangarawa Maraɗi, ya hau Madawa da Ƙonni, ya sake sunkuyowa Dogon Dutsi da Doso. Damagaram zuwa filin Malam Aminu Kano wajen 200 ne. Kano zuwa Jidda wajen 3,400. Damagaram zuwa Jidda wajen 3,300. Yamai zuwa Jidda kuwa wajen 4,000. Waɗannan biyun na ƙarshe akwai magana a cikinsu, tana tafe.

Sanin nisa bai isa a san lokaci ba sai an san irin jirgin. Manyan jirage masu injin jet, irin Boeing da Airbus da ke jigilar alhazai, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun gama hawa, wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Ƙanana masu farfela, irin Fokker 50 da ATR 72 da kamfanin Niger Airlines ya yi aiki da su a cikin gida, gudunsu wajen 500 ne. Ko da haka, raba nisa da gudu kawai ba ya fitar da amsa. Lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda yake ajiye, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cik a ɗaya filin. A ciki akwai gangarawa zuwa bakin titin tashi, da jiran izinin hasumiya, da hawa, wanda ba a yin sa da cikakken gudu, da saukowa da ake farawa tun da sauran tafiya mai yawa, da kewayen da ake yi don a saita titin sauka. Duk wannan yana ƙara wajen rabin awa, tafiyar doguwa ce ko gajera. Kamfanoni kuma sukan ɗora 'yan mintoci na ko-ta-kwana. Don haka mai farfela zai yi Damagaram zuwa Yamai cikin awa biyu ko ƙasa kaɗan, babban jirgi kuma ya yi Kano zuwa Jidda cikin awa huɗu da rabi, in hanya a buɗe take.

Wannan rabin awar da ba ta raguwa, haɗe da zaman jira a fili, ita ke kashe amfanin jirgi a gajeriyar tafiya. Akan ji masu fatan alheri suna cewa da ma a sa jirgi tsakanin Damagaram da Kano. Ga mazaunin birnin Damagaram da zai kama wani jirgin a Kano, maganar tana da kai. Ga mutumin Matamaye ba ta da shi. Zai yi kilomita 80 da ɗoriya zuwa arewa, ya zauna awa biyu ana duba takardu ana awon kaya, ya yi wajen minti 40 a sama yana komowa kudu. Da tun da safe ya shiga mota ya fuskanci Daura, da a Kano zai yi azahar. Sauri ya haifi nawa ke nan. A ganina, duk tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba, titi mai kyau da iyaka mai sauƙin tsallakawa sun fi jirgi amfani nesa ba kusa ba.

Sannan jirgi ba ya bin layin da ya ga dama. Sama ma tana da hanyoyinta da mararrabarta da masu ba da hannu. A Nijar da yawancin ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka, hukumar ASECNA da aka kafa a 1959 ce ke kula da zirga-zirgar sama, makarantarta ta horar da ma'aikatan hasumiya da masana yanayi kuma, EAMAC, a Yamai take. Kowace ƙasa tana da iko da sararin samaniyarta, ana biyan kuɗin ratsa shi, tana kuma iya rufe shi. Mun ga haka sau biyu cikin shekara guda. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararinta ana sauran 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Layin Kano zuwa Jidda kuwa ta Chadi da Sudan ya ratsa. Dole jirage suka koma kewaye, tafiya ta ƙaru da wajen awa biyu, kamfanonin da ke kwasar alhazan Nijeriya suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijar ma ta rufe nata sararin daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba, sai ga jiragen da ke tashi daga Turai zuwa kudancin Afirka suna dogon zagaye. A lokacin ne mutane da yawa suka fara gane cewa ƙasar nan tana kwance ne a ƙarƙashin wata babbar hanyar sama, wadda jirage ke ratsawa dare da rana ba tare da sun sauka ba.

Iska ma tana da nata rabon. Gudun da inji ke bayarwa gudu ne a cikin iska. In iskar ta nufi inda jirgin ya nufa sai ta ƙara masa, in ta fuskance shi ta rage. A can sama akwai iskoki da kan haura kilomita 100 a awa, wani lokaci ninkin haka. Da hunturu mai kaɗawa daga yamma zuwa gabas ce ke da ƙarfi a arewacin Sahara da Bahar Maliya, da damina kuma wata mai tahowa daga gabas takan ratsa saman yankinmu. Shi ya sa zuwa da dawowa ba sa cika yin daidai. Wasu kan zaci juyawar duniya ce ke kawo bambancin, amma iskar da jirgin yake ciki tare da duniyar take juyawa.

Abin da ya fi ɓata lissafi a ƙasarmu shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta juye ta a kan Damagaram da Kano, har mutum ya kasa hango ƙarshen layin unguwarsu. Jirgin da ya riga ya hau bai damu da hazo ba, yana can bisa. Wajen sauka ne matsalar take, don sai matuƙi ya ga titi kafin ya dire, kuma iyakar ganin da doka ta yarda da shi ya danganta da irin na'urorin jagora da filin yake da su. In gani ya gaza haka, sai a jinkirta, ko a soke, ko a karkata zuwa wani fili. Fasinja yakan yi fushi, amma tashi da sauka su ne mafi haɗari a tafiyar jirgi. Mutanen Kano ba su manta 22 ga Janairun 1973 ba, ranar da jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a can, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ni ban taɓa ganin laifin matuƙin da ya ƙi tashi saboda hazo ba. Laifin da nake gani na wanda ya san an soke tashi ne, ya bar mutum ya taso daga Matamaye da asuba cikin sanyi, sai a ƙofar fili zai ji labari.

Hadarin damina matuƙi kewaye shi yake yi, ya ci 'yan mintoci. Zafin bazara ne ba a cika lura da shi ba. A Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, iska takan yi shara-shara, fukafukai da inji ba sa samun abin kamawa sosai, sai jirgi ya buƙaci titi mai tsawo ko a rage masa nauyi. Jirgin da ya ɗauki mutum 400 ko 500 da kayansu da man da zai kai shi Jidda yana son titi mai tsawon wajen kilomita 3, irin na Kano da Yamai. Tsawon titi da ƙwarinsa, da na'urorin sauka, da motocin kashe gobara, su ne ke nuna filin da zai iya ɗaukar alhazai kai tsaye. Kyawun ɗakin jira daga baya yake.

Sai batun agogo, wanda ke rikita mutane da yawa. Duk mai sauraren rediyo ya saba jin agogon GMT da agogon Nijeriya da Nijar, mu muna gaba da awa guda. Saudiyya tana gaban GMT da awa uku, wato tana gabanmu da biyu. Tikiti kuwa da agogon kowane gari yake rubuta lokacinsa. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na safe ya yi awa huɗu da rabi zai sauka Jidda ƙarfe 4:30 na yamma a agogonsu, wanda bai sani ba ya ƙirga shida da rabi. A dawowa ya bar Jidda ƙarfe 10, ya sauka Kano 12:30, a ce ai biyu da rabi ne kawai. Tafiyar ɗaya ce. Wannan ya shafi mai ibada kai tsaye. Mai tafiya gabas yininsa gajarta yake yi, lokutan salla su riske shi da wuri, mai azumin da ya tafi umra cikin Ramadan zai ga rana ta faɗi agogon hannunsa bai kai ba. Mai dawowa kuma yininsa tsawo yake ƙarawa. Ya kamata malaman da ke yi wa maniyyata bita su riƙa sa wannan cikin karatu.

Yanzu mu koma Matamaye mu yi lissafin da ya fi kowanne amfani, na daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki. A ce malamin makaranta ne aka kira shi taro a Yamai, ko mai rakiyar marar lafiya zuwa babban asibiti. In jirgi zai bi, awa ɗaya da rabi zuwa Damagaram, awa biyu kafin tashi, awa biyu a sama, awa guda ta karɓar kaya da shiga gari. Shida da rabi ke nan. In motar bas ce, da asuba ake tashi a isa da dare, awa 14 ko fiye gwargwadon halin titi. In aka tsaya nan, jirgi ya ci da rata mai yawa. Amma bas kowace safiya tana tashi, kamfanoni ga su nan, Rimbo, STM, Al Izza da sauransu, wanda ya rasa wannan ya shiga waccan. In taron Talata ne, jirgin kuma sai Laraba, gudun kilomita 500 a awa bai tsinana masa komai ba. In jirgin mai zagaye ne ya biya ta Agadas, kilomita 740 sun koma wajen 1,100, ga zaman da za a yi a ƙasa. In na sassafe ne, sai ya kwana a Damagaram ya nemi masauki. Ga kuɗin tikiti da ya ninka na bas sau da yawa. Da an haɗa waɗannan sai a ga dalilin da ya sa har masu hali suke shiga bas.

Shi ya sa nake ganin babban abin da ake nema a wurin jirgin cikin gida shi ne tabbas. Mutum ya san ranar Litinin da Alhamis akwai jirgi, ƙarfe kaza, wannan watan da wata mai zuwa da baɗi, ya gina tafiyarsa a kai. Yankinmu ya daɗe yana fama da rashin wannan. Air Afrique ta durƙushe a 2002, Nigeria Airways ta bi ta a 2003, Air Niger kuwa tun kafin su ta tafi. Niger Airlines sai a 2014 ya fara tashi. Jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya suna sauka Damagaram, amma na ma'aikatan agaji ne. An yi wa filin Yamai sabon gini a 2019, birnin Damagaram ma ya ga ayyuka lokacin bikin Zinder Sabuwa na 2018. Abin yabawa ne. Sai dai filin da jirgi ba ya sauka a kan ƙa'ida bai rage wa kowa nisa ba.

Inda abin ya fi ƙona rai shi ne aikin hajji. Saudiyya ƙasa-ƙasa take raba kujeru, Nijar tana da sama da 15,000, hukumar COHO ce ke tsara tafiyarsu. Maniyyacin Matamaye ba shi da damar cewa Kano ta fi kusa bari ya bi ayarin Kanawa. Inda hukuma ta ce jirginsa zai tashi, can za shi. In aka ce Yamai, zai yi kilomita 850 da ɗoriya a mota yana fuskantar yamma, Makka tana bayansa. Ya zauna jiran jirgi, kwana ɗaya ko kwanaki. Sannan jirgin ya tashi ya yi kusan awa guda yana komowa gabas kafin ya zo saitin inda maniyyacin ya fito. Kilomita 700 ne bambancin Yamai zuwa Jidda da Damagaram zuwa Jidda, kuma man da za a ƙona a wannan tazara a cikin kuɗin kujera yake. A dawowa a maimaita, ga gajiyar Mina da Arfa, ga tari, ga jakunkuna da jarkar zamzam. Da yawa daga maniyyatanmu tsofaffi ne da suka yi shekara da shekaru suna tara kuɗin gyaɗa da rake da kiwo. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, sama da miliyan 3 da rabi, Maraɗi na biye da ita. Ba ƙaramin taro ba ne ake jan sa zuwa yamma don a kai shi gabas.

Kakanninmu tun daga ƙofar gida gabas suke fuskanta. Borno, tafkin Chadi, Wadai, Darfur, Kordofan, su tsallaka Nilu su kai Sawakin, jirgin ruwa ya ƙetarar da su Jidda. Shekaru ake yi, ana noma ana ƙwadago a hanya don a samu guzuri, wasu ma a Sudan suka yi zamansu. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka yi gaba bayan yaƙin Burmi na 1903, yana nan har yau. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano, ranar 1 ga Nuwamban 1925, kusan wannan hanya suka biyo a juye. Guda uku ne na sojan saman Ingila, sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suna yada zango ta Khartum da Al-Fashir da Fort Lamy, Njamena ta yau. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Daga nan Kano ta zama zangon shan mai na jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka, KLM ya yi ta sauka a can daga 1947 har 2012. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, sai mafi yawansu suka daina buƙatar tsayawa, Kano ta rasa wannan matsayi. Damagaram ita tata asarar ta riga ta Kano, kuma ba injiniya ne ya jawo ta ba. A 1926 Faransa ta ɗauke hedikwatar mulki daga Damagaram ta kai Yamai. Tun daga lokacin mutumin gabas yake zuwa yamma neman takarda da magani da jirgi. Ba na raina ni'imar da muke ciki, tafiyar shekaru ta koma ta awoyi. Amma abin da ya rage na wahala yanzu yawancinsa a ƙasa yake, kuma tsarin mutane ne, ana iya gyara shi.

Ga umra da fatauci ɗan Matamaye yana da zaɓi, hankalinsa kuma Kano yake kai shi, inda jiragen Saudia da EgyptAir da Ethiopian Airlines suke sauka. Awa uku ne ko huɗu a mota in babu tsaiko. Tsaikon kuwa a iyaka yake. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 2023 an sake rufewa har Maris na 2024. A waɗannan watanni, filin da ke ƙasa da kilomita 200 ya fi wanda ke 850 nisa. Ko a buɗe take, ga duwan, ga kwastan, ga jandarma, ga 'yan sanda, ga shingaye a hanya, ba mai iya cewa ƙarfe kaza zan isa. Mai jirgin da zai tashi gobe yau yake barin gida. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 ta Kazaure da Daura da Katsina zai bi. Tashar Daura tana kusa da Matamaye fiye da birnin Damagaram, kuma ina ganin in jirgin ƙasan yana tafiya a kan lokaci, zai amfani ɗan kasuwar Matamaye fiye da duk wani sabon filin jirgin sama da za a gina a kusa.

Kirana ga hukumomi shi ne, tashin alhazan Damagaram da Difa daga filin Damagaram ya zama ƙa'idar kowace shekara, a tabbatar filin yana da titi da na'urorin da suka dace da hakan, a kuma sanar da ranar tashi tun maniyyaci yana gida. Jirgin cikin gida ya tsaya a kan jadawalin da ya fitar, in an soke a aika saƙon waya da wuri. Hukumomin ƙasashen biyu kuma su rage shingayen da ke tsakanin Ɗan Barto da Kano.

Kai kuma mai karatu, ranar da za ka yanki tikiti, kada ka tsaya ga awa nawa ne a sama. Tambayi mai sayarwa ko jirgin kai tsaye ne ko zai yada zango, da agogon wane gari aka rubuta lokacin sauka, da kuma yaushe wani jirgin zai tashi in an soke wannan. Sannan ka fara ƙirga awoyinka daga tashar motar Matamaye, in lokacin hazo ne ko iyaka za ka tsallaka ka ƙara kwana guda.